Gidan hutu a bakin Tafkin Lagdo: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara su

Galibin mutanen Garwa, a arewacin Kamaru, da suka yi sha'awar mallakar gidan hutu a bakin Tafkin Lagdo sun fara ganin wurin ne a cikin hunturu, a watan Disamba ko Janairu, lokacin da iska take da sanyi, hanya ta bushe, sauro ya ragu, ruwa kuma ya kwanta luf tsakanin duwatsu. Mutum yakan wuni a gindin wata tsamiya, ya ci gasasshiyar karfasa, ya koma gari yana lissafin bulo da kwano. Daga wannan gani na yini ɗaya yawancin kurakurai suke tasowa, domin tafkin da aka gani a hunturu ba shi ne za a tarar a bazara ba, ba kuma shi ne za a tarar a ƙarshen damina ba.

Babban kuskure, wanda gyaransa ya fi kowanne cin kuɗi, shi ne yin gini kusa da ruwa bisa inda aka ga gaɓa ranar da aka je duba fili. Tafkin Lagdo ba tafki ne na asali ba. Madatsar ruwa ce da 'yan Sin suka gina a kan kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982, kimanin kilomita 50 kudu da Garwa, domin samar da wutar lantarki mai ƙarfin megawat 72 da kuma noman rani. Ruwan yakan cika a watan Satumba zuwa Oktoba, sannan ya riƙa ja da baya sannu a hankali har zuwa faɗuwar sabuwar damina, ta yadda a wurare masu shimfiɗe gaɓa takan yi nisan tafiya mai yawa daga inda take a da. A shekarar 2012, da kuma 2022, tafkin ya cika har sai da aka buɗe ƙofofin madatsar, ambaliya ta yi ɓarna a garuruwan da ke ƙasa da ita har cikin Najeriya, kuma duk wanda ya ga gaɓar tafkin a waɗannan shekaru ya san cewa ruwa yana da iyakar da ba kowace shekara yake nuna ta ba. Ni kaina na taɓa kafa rumfar shan iska a wani wuri da wani tsohon masunci ya ce mini kwale-kwalensa ya sha wucewa ta kansa. Na ɗauki maganar a matsayin hirar tsofaffi, damina biyu kacal rumfar ta yi, a ta uku ruwa ya ɗauke ta har da turakunta.

Gyaran wannan ba ya bukatar injiniya tun farko, haƙuri yake bukata. Kafin a biya ko sefa ɗaya, a je wurin sau biyu, a ƙarshen Satumba da kuma cikin Afrilu. A dubi duwatsun bakin ruwa, domin ruwa yakan bar musu zane a inda ya taɓa kaiwa, a kuma tambayi masuntan da suka daɗe a wurin inda ya tsaya a shekarun babbar cika, sannan a hau sama da wannan iyaka sosai kafin a ja igiyar harsashi. A kula da ƙasar ma. Baƙar lakar nan da ake shuka masakwa a cikinta tana kumbura da damina, tana tsagewa da rani, kuma katangar da aka ɗora a kanta ba tare da harsashi mai zurfi ba takan tsage tun kafin a gama shafe ta. Tudu mai tsakuwa, ko da yana nesa da ruwa kaɗan, ya fi alheri.

Kuskure na biyu yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da na farko, wato sayen fili daga hannun mutum ɗaya da 'yar takarda rubutun hannu. Filin da baƙo yake gani kamar daji ne marar mai shi, sau da yawa gonar wani ce da aka bari ta huta, ko gadon 'yan'uwa da yawa da ɗaya daga cikinsu ya yi gaban kansa, ko kuma wurin da mata suke shuka kuɓewa da masara idan ruwa ya janye. Tun da aka datse kogin aka tashi ƙauyuka, masunta da manoma kuma suka yi ta zuwa daga yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru da Chadi da Najeriya, saboda haka maganar fili a wannan yanki tana da sarƙaƙiya fiye da yadda ake zato. Hanyar da ta dace ita ce a fara da jauro, wato mai garin ƙauyen, a wuce wurin lawan da ke sama da shi, maganar ta isa fadar lamiɗo, sarkin yankin, a tara maƙwabtan fili na kowace kusurwa su shaida iyaka, sannan a bi ta ofishin hukumar gundumar a nemi takardar mallaka ta gwamnati, wadda dokar filaye ta 1974 ta mayar da ita hujjar mallakar fili a Kamaru. Kada kuma mai saye ya yarda da wanda ya ce zai sayar masa da gaɓar ruwa kanta, domin bakin tafki ba abin sayarwar kowa ba ne.

Daga nan sai maganar shinge. Mutumin birni ya saba da cewa abin da ya saya nasa ne daga bango zuwa bango, don haka yakan ja waya ko katanga daga gida har cikin ruwa, ba tare da ya tambaya ko akwai burtali ko mashaya a wurin ba. Da rani makiyaya suna gangarowa da shanu su sha ruwa ta hanyoyin da suka girmi gidan da shekaru masu yawa, mata suna da wurin wanki, masunta suna da inda suke ɗaure jirage da shanya koma. Wanda ya toshe ɗaya daga cikin waɗannan ya sayi rigima da kuɗinsa, kuma zai wayi gari ya ga an datse wayar, ba don mugunta ba, sai don dole shanu su sha ruwa. A killace gida da tsakar gida kawai, a bar hanyar ruwa a buɗe, idan kuma an riga an toshe, a buɗe ta da hannun mai gida a gaban jauro kafin wani ya buɗe ta da dare.

Akwai kuma waɗanda suka fahimci kaɗaici a bai-bai. Sun zo ne don su huta da hayaniyar gari, saboda haka sukan shigo da mota a rufe da gilashi, su kwana uku, su tafi ba su gaisa da kowa ba. A ganina wannan shi ne kuskuren da ya fi haɗari, ko da yake ba ya rushe bango. Gidan da yake shi kaɗai a bakin ruwa, nesa da ofishin jandarma, ba shi da wani tsaro da ya wuce idon mutanen ƙauye, kuma yankin nan ya sha fama da 'yan fashin hanya da masu satar mutane don neman fansa, musamman a dazuzzukan da ke wajen yankin Mayo Rey mai maƙwabtaka da Lagdo. Da ɗan gari akan ci gari. Duk zuwa, a fara sauka ƙofar jauro da goro ko sukari da shayi, a ce masa, “Ranka ya daɗe, mun iso, za mu kwana uku,” a halarci sallar Juma'a a ƙauyen, a je gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa. A daina tallata ranar zuwa da hotunan gida a Facebook, a kuma daina tafiyar dare. Mai gadi ma a ɗauke shi daga cikin ƙauyen, mai iyali, wanda jauro ya tsaya masa, a riƙa biyansa a kan kari ta hanyar tura kuɗi a waya, Orange Money ko MTN, ko da ba a zo ba, domin mai gadin da aka bari wata huɗu babu albashi ba a yi masa adalci ba idan aka zarge shi da sayar da batirin solar gidan.

Ruwan kansa yana ruɗin baƙi, musamman yara. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, babu abin da ya fi jan rai kamar faɗawa cikin tafki, amma ruwan gaɓa marar gudu, mai ciyayi, shi ne mazaunin ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Ƙwayar tana ratsa fata ne ba tare da an ji ba, ba sai an sha ruwan ba, kuma fitsarin jini ba ya bayyana sai bayan makonni ko watanni, lokacin da an daɗe da komawa gari an manta da wankan. Ganin yaran ƙauye suna iyo ba hujja ba ce, domin da yawansu suna ɗauke da cutar. Ruwan wanka, idan daga tafki aka ɗebo shi, a zuba shi a tanki ya kwana biyu kafin a taɓa, ko a dafa shi, ruwan sha kuwa a nemo na rijiyar burtsatse, ko a tafasa. Wanda ya riga ya yi wanka a tafki ya faɗa wa likita, a yi masa gwaji, domin maganin praziquantel yana kashe tsutsar. Masai kuma kada a haƙa shi a gangaren da ke zuba cikin tafki, kuma a nisanta shi da rijiya da aƙalla mita 30. Game da sauro, kuskuren shi ne dogaro da iskar bakin ruwa, alhali gidan sauro mai magani a kowane gado da raga a tagogi ba su da madadi, kuma duk zazzaɓin da ya kama yaro a lokacin hutu ko bayansa a gaggauta yi masa gwaji.

Dorina ba abin kallo ba ce kawai. Tana wuni a ruwa, da dare ta fito kiwo, tana bin hanya ɗaya kusan kullum, kuma wanda ya shiga tsakaninta da ruwa, ko ya kusanci uwa mai ɗa a cikin kwale-kwale don ɗaukar hoto, ya jefa ransa cikin haɗari. A tambayi masunta inda garke yake, kada a yi lambu a kan hanyarsa, kada kuma a gangara bakin ruwa bayan magariba. Shiga jirgi ma yana da ƙa'ida: da safe ake fita, ba a cika shi fiye da kima, kowa ya sa rigar da ke hana nutsewa, idan kuma matuƙi ya dubi gabas ya ce hadari yana haɗuwa, to maganarsa ce ta ƙarshe, domin iskar farkon damina takan tayar da igiyar ruwa cikin ɗan lokaci. A kan tudu kuwa kububuwa ce abin tsoro, ga ta ƙarama ga dafi mai hana jini daskarewa. A share ciyawa kewaye da gida, a riƙa fita da tocila da takalmi rufaffe, idan kuma tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau, kada a ɓata lokaci, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji, wanda ya kamata a san inda yake tun kafin a bukace shi.

Ginin ma sau da yawa akan kwaso shi ne daga unguwannin Garwa a dasa a ƙauye: rufin kwano mai ƙasa-ƙasa, manyan tagogin gilashi masu fuskantar yamma, da na'urar sanyaya ɗaki, bisa zaton cewa wanda yake kusa da madatsa ba zai rasa wuta ba. Ƙauyuka da dama na bakin tafkin ba su da layin lantarki ko kaɗan, inda yake kuma ba a rasa ɗaukewa. Ɗaki mai tsawon rufi da silin, tagogi masu kallon juna don iska ta ratsa, baranda mai faɗi, rumfar zana da bishiyar darbejiya ko mangwaro ta yamma, sun fi kowace na'ura amfani, sannan faifan sola kaɗan ya isa fitila da fanka da cajin waya da ƙaramin firji.

Gidan hutu yana shafe mafi yawan shekara a rufe, kuma a lokacin ne yake lalacewa. Gara tana cin ƙyaure da azara da littattafai, jemagu suna tarewa a cikin silin, ɓeraye suna yaga katifa, danshin Agusta kuma yana sa tufafi su yi fumfuna. Masu gida sukan kulle ko'ina su tafi da makullai, suna ganin hakan ne tsaro, alhali ɗakin da ba a buɗewa shi ya fi saurin mutuwa. A bar wa mai gadi makulli ya riƙa buɗe tagogi yana shara ko da sau ɗaya a mako, a ɗaga katifu a jingine su, kada a bar hatsi ko sukari sai a cikin durom mai murfi, a zubar da ruwan randa da duk wani mazubi da sauro zai yi ƙwai a ciki, a kuma cire wayar batir. Kafin ruwan farko na watan Mayu a aika kafinta ya hau rufi ya ƙara ƙusa, domin guguwar farkon damina ita ce take yaye kwano, a kuma sassabe ciyawar bayan katanga tun watan Nuwamba, kafin masu ƙona daji su fara kunna wuta.