Yadda ake aiki kusa da wayar wuta: ga magina, kafintoci, masu saka sola da direbobin tifa

Ni aikina kula da gini ne, na daɗe ina tsayawa a kan leburori da magina da masu ɗaure rodi, kuma wannan magana ta wayar wuta da ke bi ta saman kanmu ta daɗe tana cina a rai, shi ya sa na ce bari dai in zauna in rubuta yadda nake yi a wurin aikina yanzu, ko Allah zai sa wani ya amfana.

Wata rana muna ɗaure rodin dakin, wato rufin kankare, na wani gida, wayar hai tenshin, babbar wayar wutar nan mai ƙarfi, ta bi ta gaban gidan, na gan ta tun ranar farko, abin da na ce wa yaran kawai shi ne ku dai kula da wayar nan. Wani yaro da bai wuce shekara ashirin ba yana sama yana karɓar rodi daga hannun na ƙasa, da ya jawo shi sai ya miƙar da shi tsaye don ya juya, rodi kuma kowa ya sani mita 12 ne tsawonsa. Wallahi ban ga rodin ya taɓa wayar ba, ƙara kawai na ji tas, da wani haske, sai ga yaro a kwance kan katakon dakin. Allah Ya yi da sauran kwana, amma tafin hannunsa ya ƙone, tafin ƙafarsa ma ya huje inda wutar ta fita, ya yi makonni a asibiti. Da na je duba shi ya ce min, Oga ni fa ban taɓa ta ba. Na san gaskiya ya faɗa, kuma na san laifina ne, don "ku kula" ba tsari ba ne.

To abu na farko da nake so kowa ya riƙe shi ne babbar waya ba sai ka taɓa ta ba. Idan ƙarfe ko jiƙaƙƙen abu ya matsa kusa da ita sosai wutar tsallakowa take yi ta cikin iska. Kuma yawancin wayoyin nan na kan falwaya tsirara suke, zallan alminiyon ne babu wata roba a jikinsu, ko ka ga ta yi baƙi ƙura ce da daɗewa. Mutane kan ce ai tsuntsu yana sauka a kai ba abin da ke samunsa, e, saboda waya ɗaya kawai ya taka kuma bai taɓa ƙasa ba, kai kuwa kana tsaye a kan gini ko tsani ko mota, kai ne hanyar da wutar za ta bi ta sauka ƙasa.

Kafin a sauke ko bulo ɗaya, ka zagaya filin ka ɗaga kai ka kalli sama, ka gane wace irin waya ce. A Najeriya ƙaramin layin da ke shiga gidaje shi ne mai ƙarfin wuta volt 230 zuwa 415, yawanci za ka ga wayoyi huɗu a jere ɗaya saman ɗaya a jikin falwaya. Kar ka raina shi, yana kisa, kuma shi ne ya fi kusa da rufin mutane. Sai 11kV da 33kV, wato volt dubu 11 da dubu 33, wayoyi uku a can ƙololuwa kan ƙarfe ko katakon da aka gicciya, suna zaune a kan kofunan tangaran, su ne ke shiga taransifoma, kuma kamfanonin rarraba wuta ne ke da su, irin su KEDCO a Kano da Jigawa da Katsina, ko Kaduna Electric, ko na Jos, ko na Yola. Sai manyan nan na kan dogayen hasumiyoyin ƙarfe, 132kV da 330kV, waɗannan na TCN ne, kamfanin da ke dakon wuta a faɗin ƙasa. Idan ba ka iya bambancewa ba ka ɗauka mafi haɗarin ce, ka yi aiki da hakan.

Akwai filin da doka ta ware wa kowane layi wanda bai kamata a yi gini a ciki ba. Na 11kV da 33kV mita 11 ne, wato biyar da rabi kowane gefe, na 132kV mita 30, na 330kV mita 50. Na san a garuruwanmu shaguna da rumfuna da gidaje sun cika ƙarƙashin waya, amma yawansu bai rage haɗarin da komai ba. A watan Afrilun 2017 a Kalaba wayar hai tenshin ta tsinke ta faɗo kan wani gidan kallon ƙwallo mai rufin kwano ana tsaka da kallon wasan Manchester United da Anderlecht, mutane suka rasu a wurin. Saboda haka idan mai gida ya ce a fito da baranda ko a ƙara hawa har ginin ya shiga ƙarƙashin waya, ka gaya masa gaskiya, Alhaji wannan ba zai yiwu ba sai dai a nemi kamfani ya matsar da layin. Zai ji haushi, wataƙila ma ya ba wani aikin, ni dai na gwammace haka.

Sai maganar tazara lokacin aiki. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce ƙafa 10, kusan mita 3, tsakaninka da duk layin da bai wuce 50kV ba, wannan ya haɗa 11kV da 33kV ɗinmu. Ga 132kV da 330kV kuwa tazarar ta fi haka, ni a wurina ba na barin komai ya matsa ƙasa da mita 6 zuwa 7, kuma ba na fara aiki a nan sai mun yi magana da masu layin. Inda mutane ke kuskure shi ne suna auna tazarar daga jikinsu. A'a, daga ƙarshen abin da ke hannunka ake aunawa, a lokacin da ya fi miƙewa, har da idan ya suɓuce ya faɗi. Kana nesa da waya mita 8 amma riƙe da rodi mai mita 12, to kana cikin haɗari. Kuma ido yana yaudara idan kana kallon waya a sararin sama, sai ka ga kamar tana nesa alhali ga ta nan. Sannan waya ba a tsaye take wuri ɗaya ba, da rana ta yi zafi ko lodi ya yi mata yawa sai ta saki ta ƙara saukowa, iska ma tana kaɗa ta gefe da gefe, wurin da aka yi ciko da jar ƙasa kuma ƙasan ce ta tashi ta matso kusa da ita. Kada wanda ya ce zai auna tsayin waya da tef ko gora, da ido ake ƙiyastawa daga nesa a ƙara tazara a kai.

Yanzu ga abin da nake yi a aikace. Kaya dogaye, rodi, bututun ƙarfe, kwano mai tsawo, ƙarafan sikafol da magina ke hawa su tsaya a kai, ana sauke su ne a ɓangaren ginin da ba waya, ko da zagayen ya fi nisa, leburori za su yi ƙorafi kwana ɗaya su saba. Rodi mutum biyu ke ɗauka a kwance ƙasa da kafaɗa, ba a miƙar da shi tsaye. Idan za a hau da shi sama ta bayan gini ake miƙawa, in ya yiwu a yanka shi a lanƙwasa tun a ƙasa. Tsanin ƙarfe ko na alminiyon ba ya zuwa gefen waya sam, na katako ma sai busasshe, kuma a kwance ake yawo da shi. A ƙasa ina sa a kafa sanduna a ja igiya da jan ƙyalle a layin da ba a tsallakewa da dogon abu. Sannan duk lokacin da ake wani aiki a gefen wayar akwai mutum ɗaya da aikinsa kallo ne kawai, ba ya miƙa bulo ba ya amsa waya, idan ya ce tsaya kowa ya tsaya, ni ma haka. Wannan mai kallon shi ne abin da ya fi komai amfani a duk tsarin, don wanda ke ɗauke da kaya hankalinsa na kan kayan.

Kafintoci da masu saka sola da dish da tankin ruwa, ku ne kuka fi kusa da ƙaramin layi, musamman wayar da ke shigowa gida daga falwaya. Kwano idan iska ta ɗauke shi daga hannunka ba ka da iko da inda zai je, don haka ranar iska mai ƙarfi a bar rufi. Idan hadari ya haɗo ko ana yayyafi kowa ya sauko. Masu sare bishiya ma haka, ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta, idan reshe ya riga ya shiga tsakanin wayoyi wannan aikin kamfani ne.

Direbobin tifa da masu kuren, wato motar ɗaga kaya masu nauyi, da masu motar haƙa rijiyar burtsatse, kafin ka ɗaga bodi ko ka tayar da ƙarfen haƙa ka sauko da ƙafarka ka dubi sama. Kada ka juye yashi a ƙarƙashin waya ko mai gini ya ce nan yake so. Kuma ka sauke bodin gaba ɗaya kafin ka ja mota, da yawa abin yana faruwa ne a nan, an gama juyewa direba ya ja gaba bodi na sama. Yaran mota da ke hawa kan lodi su ma a hana su tsayawa tsaye.

Idan aiki ba zai yiwu ba sai an shiga cikin tazarar, hanya ɗaya ce, a je ofishin kamfanin wutar yankin a nemi su kashe layin a hukumance, ma'aikatansu su zo su cire, su gwada, su ɗaura masa wayar ƙasa da za ta saukar da duk wutar da ta shigo zuwa cikin ƙasa, su ce maka ka fara, kuma ku yi yarjejeniya ba za a maido ba sai kai ka ce an gama. Ba ɗan unguwa mai hawa falwaya ya cire fiyus ba. Kuma don Allah a daina cewa ai NEPA ta ɗauke tun jiya. Za a iya kawowa a kowane daƙiƙa ba sanarwa, wani lokaci layi ya katse kansa ne kawai ana shirin sake gwada shi, sannan wani maƙwabci da ya haɗa janareta ko inbata ba tare da makunnin canji mai kyau da ke raba wutar gidansa da ta layi ba yana iya tura wuta ta koma kan layi, ta bi ta taransifoma ta ƙaru. Rashin hasken ƙwai a gidanka ba ya nuna komai game da wayar da ke kanka. Silifas ɗin roba da safar hannu ta leburori ma ba sa tare wutar 11kV, kar wanda ya dogara da su.

To in abin ya riga ya faru fa? Idan waya ta tsinke ta faɗo ƙasa, ka ɗauka da wuta a jikinta ko ba ta tartsatsi ko ba ta motsi. A ja baya aƙalla mita 10, a tare hanya, a kori yara da dabbobi. Wutar bazuwa take yi a cikin ƙasa, ta fi ƙarfi inda wayar ta taɓa tana raguwa in an yi nisa, shi ya sa idan ka yi dogon taku ƙafa ɗaya tana wuri mai ƙarfi ɗaya tana wuri mai rauni sai wutar ta shiga ta wannan ta fita ta waccan. Abin da ke sa shanu saurin faɗuwa kenan, ƙafafunsu na gaba da na baya sun yi nisa da juna. Idan ka tsinci kanka kusa, haɗe ƙafafunka ka riƙa jan su a ƙasa kaɗan-kaɗan ba tare da ɗagawa ba har ka fita, ban da gudu. Ruwan da ke kwance da shingen waya da ƙofar ƙarfe da ke kusa duk a guje su.

Idan motarka ce ta taɓa waya, zauna a ciki, ka yi wa mutane ihu kada kowa ya matso ko ya taɓa motar. In za ka iya sauke bodin ko ja da baya ka rabu da wayar ba tare da tsinka ta ba, ka yi. Ba ka fita sai an tabbatar an kashe layin, sai dai in wuta ta kama motar, a nan sai ka tsaya a bakin ƙofa ka yi tsalle ka dira da ƙafa biyu a haɗe, kada hannunka na jikin mota ƙafarka na ƙasa a lokaci guda, sannan ka ja ƙafa yadda na faɗa.

Wanda ya fi wuya shi ne ganin ɗan'uwanka a manne kana tsaye, zuciya za ta ce ka ruga ka fizge shi, kuma a nan ne gawa ɗaya ke zama biyu ko uku. Busasshen katako da ake cewa a ture mutum da shi, wannan na wutar cikin gida ce, ita ma an fi so a fara kashe babban makunni. A kan hai tenshin katako ba ya ceton kowa. A kira kamfanin wuta a kira 112, shi ya sa nake rubuta lambar ofishin yankin da ta injiniyansu a jikin allo a bakin wurin aiki tun ranar farko. Bayan an kashe an raba shi da wayar, a duba numfashi, in ba ya yi a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa har taimako ya zo. Kada a ɗura masa madara ko ruwa yana sume, shaƙe shi zai yi. Ƙunar a rufe ta da tsaftataccen ƙyalle, ban da man goge baki ko ƙwai ko manja. In daga sama ya faɗo a kula da wuyansa da bayansa wajen ɗauka. Kuma ko ya tashi ya ce shi lafiyarsa ƙalau zai koma aiki, a kai shi asibiti a ranar a duba bugun zuciyarsa, don ƙunar wutar lantarki ta ciki ta fi wadda ake gani a fata, yaron nan namu ramin ƙafarsa bai fi girman kwabo ba amma sai da likitoci suka yi ta yanke mataccen nama a ciki.