Yadda ake kula da baki bayan cire haƙorin ƙurya, ko ɗinki aka yi ko gam aka sa

Haƙorin nan na can ƙuryar muƙamuƙi, wanda yake leƙowa tsakanin shekara 17 zuwa 25, sau da yawa a karkace yake zuwa, ya maƙale cikin ƙashi. Sai likita ya tsaga dasashi kafin ya fitar da shi, in ya gama kuma ya rufe wurin da zare ko da gam na asibiti.

Mataki na farko tun kafin a yi maka allurar kashe zafi ne: tambayi likita da me zai rufe. In zare ne, ka ji ko mai narkewa ne ko na siliki, don na siliki sai ka koma bayan kamar kwana 7 an cire. Shi kuwa gam, da ya taɓa danshi yake daskarewa cikin daƙiƙoƙi, ya taimaka wajen tsai da jini, sannan ya ɓare da kansa cikin mako guda ko fiye kaɗan. Babu komawa cire zare, babu ƙulli da tsakin abinci zai laƙe a kai. Amma yana da tsada, ba kowane asibiti ke ajiye shi ba, kuma idan tsagar tana da faɗi har naman yana ja, ba ya riƙewa kamar ɗinki. Ni dai wanda aka sassaƙa wa ƙashi, shawarata ya bari a ɗinke. Gam ɗin asibiti danginsu ɗaya da Super Glue na shago, amma kada ma ka kusanci na shagon, ƙona nama yake yi.

Da ka fito, ka cije audugar da aka sa maka na minti 30 zuwa 45, ka rage surutu. A ƙarƙashin ɗinkin ko gam ɗin akwai gudan jini a ramin haƙorin, shi ne yake rufe ƙashi har nama ya tsiro. Saboda haka a awa 24 na farko kada ka kurkure baki, kada ka yi ta tofar da yawu, kada ka zuƙi lemo da tsinke. Sigari da shisha a ajiye su aƙalla kwana 3, goro ma ya huta.

Harshe kuwa sai ka yi masa faɗa. In gam aka sa maka, zai yi ta komawa yana lasar wani ɓawo mai kaushi a kan dasashi, gam ɗin ke nan. Kada ka ɓantare shi da harshe ko farce.

A ɗora ƙanƙara a tsumma kan kunci minti 20, a huta, a sake. Kumburi ya fi tashi a rana ta biyu zuwa ta uku. Abinci mai laushi kamar koko da ya huce ko fura da nono, a kuma tauna ta ɗaya ɓangaren.

Daga rana ta biyu, narkar da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, ka guntsa bayan kowane abinci, ka karkata kai a hankali, ka bar ruwan ya zubo da kansa. Buroshi ko asuwaki su kauce wa wurin.

Idan a rana ta uku ko ta huɗu ciwo ya dawo da ƙarfi har cikin kunne, baki yana wari, wataƙila gudan jinin ya fita, ka koma wurin likita a ranar. Haka nan in zazzaɓi ya taso, ko jini ya ƙi tsayawa, ko haɗiye yawu ya soma gagara.