Yadda za ka ziyarci rumbunan giyar Porto da gandayen inabi na kwarin Douro

Kuskuren da na fara yi a Porto, birnin arewacin Fotugal, shi ne neman rumbunan giyar Porto a cikin Porto. Ba a can suke ba. Suna tsallaken kogin Douro, a garin Vila Nova de Gaia, wanda mutanen wurin ke ce wa Gaia kawai. Inabin kuwa can gabas ake noma shi, tafiyar kimanin kilomita 100, a jikin tuddan da suka sa kogin a tsakiya. Porto suna kawai ta ba giyar. Ke nan tafiyar kashi biyu ce, kuma in za ka bi tawa, ka ba Gaia wuni ɗaya rak, ka ba kwarin Douro kwana biyu ko uku. Yawancin baƙi akasin haka suke yi, su bi rumbu huɗu a rana ɗaya, su koma gida ba su ga ko ganyen inabi ba.

Bari in faɗa tun yanzu, ni ba na shan giya. Abokin tafiyata ne mai ɗanɗanawa, ni kuwa sha'awar noma ce ta kai ni, da son ganin ƙwaƙwaf. Duk abin da za ka ji daga bakina game da ɗanɗano, aro na yi daga nasa.

Ka shiga Gaia da ƙafa, ta gadar Dom Luís ta ɗaya, wadda aka buɗe a 1886. Hawa biyu gare ta. Ka bi ta saman, inda jirgin ƙasa na cikin gari ke wucewa, don daga nan ne za ka hango dogayen rufin jan tayil a jere, kowanne da sunan gidansa da manyan haruffa: Sandeman, Cálem, Ferreira, Taylor's, Graham's. Za ka lura sunayen Ingilishi sun yi yawa a ƙasar da ba tasu ba. Dalilin tsohon ciniki ne. Yarjejeniyar Methuen ta 1703 ta sa giyar Fotugal ta riƙa shiga Ingila da harajin da bai kai na giyar Faransa ba, sai fataken Birtaniya suka yi kaka-gida a bakin Douro, wasu zuriyarsu na nan har gobe. Iyalin Symington, alal misali, su ke riƙe da Graham's da Dow's da Warre's da Cockburn's. Kopke ta 1638 Bajamushe ne ya kafa ta. In gidan 'yan ƙasa kake so, ga Ferreira ta 1751, gidan Dona Antónia Ferreira, matar da ta rasu a 1896 ta bar gandaye birjik a kwarin.

Zaɓi ɗaya. In ka matsa, biyu. Ganga dai ganga ce, kuma daga rumbu na uku labarin maimaici ne. Ka kama gurbi ta intanet kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ka duba harshen da za a yi zagayen da shi, don awa-awa ake raba shi tsakanin Ingilishi da Faransanci da Sifananci da harshen ƙasar. Wasu gidajen ɗan jagora za su haɗa ka da shi, wasu na'ura za su ba ka ka maƙala a kunne. Na fi son mutum, don na'ura ba ta amsa tambaya. Gidajen bakin ruwa sun fi cunkoso. Na kan tudu irin su Taylor's da Graham's sun fi sarari, amma hawan ba wasa ba ne, kuma titin na ƙananan duwatsu ne masu santsi, don haka ka sa takalmin da ya riƙe ƙafa.

Da ka shiga, sanyi ne zai fara tarbarka, sai duhu, sai wani ƙamshi mai nauyi na jiƙaƙƙen katako da busasshen inabi. Wannan sanyin shi ne dalilin da ya sa rumbunan suke nan. Iskar tekun Atalantika na sa giya ta tsufa a hankali, alhali can cikin kwarin zafin bazara kan haura digiri 40. Doka ma ta taimaka, don har zuwa 1986 ba a fitar da giyar Porto ƙasar waje sai ta bi ta Gaia. Sauyin wannan shekarar ne ya ba ƙananan gandaye damar sayar da tasu kai tsaye da sunansu, kuma shi ya sa yau kake da inda za ka je in ka haura kogin.

Abu ɗaya in ka riƙe, bayanin ɗan jagora ba zai wuce ka ba. A giyar inabi ta yau da kullum, ana barin yis ya cinye sukarin inabin kusan duka. A ta Porto kuwa, bayan kwana biyu ko uku, sukari bai ƙare ba, sai a zuba tataccen barasar inabi mai ƙarfin kashi 77 cikin ɗari. Yis ya mutu, zaƙi ya tsaya, ƙarfin giyar ya tashi zuwa tsakanin kashi 19 da 22. Ma'aunin da aka saba shi ne lita 115 ta barasa a kan lita 435 ta ruwan inabi, su cika ganga guda mai lita 550, wadda suke kira pipa. Sauran bambancin duk na wurin ajiya ne. Ruby takan zauna ɗan lokaci a manyan tankuna, iska ba ta taɓa ta sosai, sai ta riƙe jan launinta. Tawny a ƙananan ganguna take shekara da shekaru, iska na ratsa katakon, launinta ya koma ruwan zuma. In ka ga an rubuta shekara 10 ko 20 ko 30 ko 40 a kwalbarta, gaurayen shekaru daban-daban ne, ba girbin kaka ɗaya ba. Ta kaka ɗaya ita ce Colheita, kuma sai ta yi aƙalla shekara 7 a ganga. Vintage kuwa ba kowace shekara ake yin ta ba. Tana shiga kwalba tun tana da shekara biyu zuwa uku, a cikin kwalbar take tsufa.

A ƙarshen zagayen za a zaunar da ku, a jera ƙananan kofuna. Shawarar abokina ga mai sha ita ce ya ci abinci tukuna, ya kurɓa kaɗan-kaɗan, don zaƙin yana ɓoye ƙarfin, kuma ba abin kunya ba ne ya nemi kwanon tofarwa ko ya bar saura. Ga irina kuma, ka faɗa tun wajen kama gurbi. Jimlar gajeriya ce: não bebo álcool, wato ba na shan barasa. Ni ruwan inabi zalla aka kawo mini, sumo de uva, ba wanda ya ɗaga gira. Sai dai kada ka sa ran ragin kuɗin shiga. Wanda kuma ransa bai kwanta da shiga rumbun ba ko kaɗan, ya tsallake Gaia, kwarin na jiransa.

Jirgin ƙasa shi ne hanya. Ka je tashar São Bento ta cikin Porto da wuri don ka kalli bangonta, tayil kusan 20,000 masu zanen shuɗi da fari, aikin Jorge Colaço. Ka zauna a hannun dama in kana tafiya gabas. Awar farko ba abin gani, unguwanni ne da gonakin masara, har za ka fara zargin an yi maka zuƙi ta malle. Sai kwatsam kogin ya bayyana, layin dogo ya manne da gaɓarsa, wani wurin kamar ka miƙa hannu ka taɓa ruwa. Kimanin awa biyu ka isa Peso da Régua, inda gidan tarihin Douro yake. Ƙara rabin awa ka sauka Pinhão, ɗan ƙaramin gari mai tasha da aka yi wa ado da hotunan tsinkar inabi a jikin tayil. Nan nake ba da shawarar ka kwana.

Gandu a harshensu quinta ne, kuma a nan na yi kuskurena na biyu. Na ga sunan wani ƙaramin gandu a taswirar waya, na ce wa abokina kusa ne, mu taka. A taswira kusa ne. A ƙasa kuwa hawa ne mai lanƙwasa bayan lanƙwasa, rana tsaka, ba inuwa. Mun isa wajen ƙarfe ɗaya, ƙofa a rufe, kare na haushi. Can wani dattijo ya fito yana goge baki, ya dube mu, ya tambaya ko mun yi alkawari da wani. Muka ce a'a. Ya ce iyali na cin abinci, 'yarsa mai jin Ingilishi kuma ta tafi Régua, mu dawo gobe ƙarfe goma. Ya cika mana gorar ruwa, ya mai da ƙofa. Laifinmu ne. A irin wannan gandu, wanda zai zagaya da kai shi ne mai tuƙa tarakta, shi ne mai lissafin kuɗi, ba wani ma'aikaci da aka ajiye don baƙi.

Don haka ka rubuta musu mako biyu ko uku kafin zuwanka. Ka faɗi ranar, da yawanku, da harshen da kuke ji, da ko za ku ci abincin rana, da ko kuna da mota. Tasi ba su da yawa a Pinhão, ka shirya da direba ɗaya ya kai ka ya kuma dawo ya ɗauke ka. In ba ka son wannan wahala, Quinta do Bomfim ta iyalin Symington 'yar tafiyar ƙafa ce daga tasha, Quinta de la Rosa ta iyalin Bergqvist na gefen garin, Quinta do Vallado kuma, wadda zuriyar Dona Antónia ke riƙe da ita, tana kusa da Régua. In ka isa, ka fara da bom dia. Namiji Senhor ne, mace babba Dona sai sunanta. Wajen godiya namiji obrigado yake cewa, mace obrigada.

Washegari da muka koma, abin da na roƙa shi ne a fara kai ni gona kafin ɗakin ganguna, kuma kai ma ka roƙi haka. Ka tsuguna ka ɗebi ƙasar. Kusan ba ƙasa ba ce, wani dutse ne mai ɓarewa falle-falle da suke kira xisto. Da hannu aka farfasa shi, aka gina katangu hawa-hawa a jikin tudu don kuranga ta sami wurin tsayawa, saiwarta kuma ta bi tsagar dutsen can ƙasa neman danshi. Suna da karin magana a kan yanayinsu, wai wata tara na sanyi, wata uku na wuta. Ka ɗaga kai ka dubi tudun da ke fuskantarka, za ka ga wasu tsoffin katangu da ciyawa da zaitun suka cinye. Mortórios ake ce musu, kufan gonakin da ƙwaron filoksera ya kashe tun daga shekarun 1860, masu su suka watse ba su dawo ba. Maganin da aka samu shi ne aure, a ɗaura reshen inabin ƙasar a kan saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Dattijon ya tone gindin wata kuranga da yatsa ya nuna mini ƙullin da auren ya bari. Ka tambaya kuma ko akwai dutsen iyaka a kusa, irin waɗanda aka kakkafa bayan Markis na Pombal, babban ministan Fotugal na lokacin, ya shata yankin a 1756. Wannan aikin hannu na ɗaruruwan shekaru ne ya sa UNESCO ta sa kwarin cikin kayan tarihin duniya a 2001.

In kana da zaɓin lokaci, ka zo a Satumba, lokacin tsinka. Wasu gandaye har yanzu da ƙafa suke tattake inabi, a cikin wani faffaɗan kwami na dutse mai suna lagar, zurfinsa bai wuce cinya ba. Hikimar ita ce tafin ƙafa yana fasa ɓawo ba ya fasa ƙwallo, ƙwallon kuwa in ya fashe ɗaci yake saki. Da dare ake yi. Mutane su jeru kafaɗa da kafaɗa, hannun kowa a wuyan na kusa da shi, wani na ba da amo, suna ɗaga ƙafa tare suna saukewa tare, awa biyu ko fiye ba hira. Wannan shi ne corte. Bayansa sai liberdade, a saki layi, a kawo kiɗa, kowa ya taka yadda ya so. Wasu gidajen suna barin baƙo ya shiga. Ka zo da gajeren wandon da ba ka jin asararsa. Sai dai a wannan watan kowa a guje yake, ɗakin kwana na wuya, masu gandu ba su da lokacin doguwar hira. Mai son hira ya zo Mayu ko ƙarshen Oktoba. A kakar ne dai na tsinki 'ya'yan inabin da ake kira Touriga Nacional na jefa a baki, ƙanana ne, ɓawonsu da kauri, zaƙinsu har yana kama maƙogwaro.

Abincin rana a gandu ya cancanci kuɗinsa, amma wanda ba ya cin alade ya buɗe baki ya yi magana tun a wasiƙa. Arewacin Fotugal ƙasar naman alade ce, har miyar ganyen nan caldo verde akan jefa mata yankan tsiran alade, kuma giya kan shiga girki da kayan zaƙi. Ka ce sem porco, ka nemi bacalhau, busasshen kifin da suke ji da shi, ko gasasshen ɗan akuya, ka kuma tambayi abin da aka jiƙa shi da shi.

Kada ka fita ƙaramin gandu hannu rabbana bayan mutum ya ba ka awa biyu na ranarsa. Da yawansu suna matse man zaitun nasu, ni shi na saya. Abokina ya ɗauki Tawny, ya duba hatimin IVDP, hukumar da ke kula da giyar Porto, a jikin kwalbar, shaidar cewa ta gaske ce. Ko mai ko giya, a babbar jaka ake sa su a naɗe da tufafi, ba a jakar hannu ba, kuma ka san dokar kwastan ta ƙasar da za ka sauka kafin ka biya Yuro ko ɗaya.

Mai son tuƙi, hanyar N222 daga Régua zuwa Pinhão tana bin bakin kogi, kyakkyawa ce ƙwarai. Amma hanyoyin da ke hawa gandaye sirara ne, wani wurin mota biyu ba sa giftawa, gefe kuma rami. Iyakar barasa a jinin direba a Fotugal giram 0.5 ce a lita, kofunan ɗanɗano uku na iya kai mutum can. A nan irina ke da rana, ni na riƙe makulli. In kuma da jirgin ƙasa ka zo, ka ɗauki hoton jadawalin da ke manne a tashar Pinhão tun da ka sauka, don jiragen komawa Porto ba su da yawa, na ƙarshen kuma ba ya kai dare sosai.