Yadda za ka gane wace viola ake nufi, ta lambu ko ta kiɗa

Kalmar nan viola abu biyu take nufi kuma ba dangin iya ba na baba tsakaninsu, ɗaya fure ne ɗaya kayan kiɗa. Kada ma ka yi mamaki, mu nan Kaduna in ka aiki yaro ya sayo fulawa ai sai ka fayyace masa ta yin fanke ce ko ta shukawa a tukunya.

Fara da sauraron yadda aka furta. Yawanci Turawan Ingila in fure suke nufi za ka ji kamar “bayola”, in na kiɗa ne “biyola”. Ta furen daga Latin ta fito, ta kiɗan kuma daga Italiyanci aka aro. To amma a rubuce iri ɗaya ne sak, don haka sai ka duba maganar da ke kewaye da ita.

In ka ga ana zancen tsirkiya ko makaɗa, biyola ce. Ni dai in zan yi wa mutum bayani cewa nake gogen Turawa ne babba, yadda goge ya fi kukuma girma haka biyola ta fi violin, wato ƙaramin gogen Turawa, jikinta kan kai inci 15 zuwa 17 shi kuwa violin wajen inci 14 ne, shi ya sa muryarta ta fi kauri. Tsirkiyarta 4, ana kiransu da sunan sautinsu C da G da D da A, saɓanin gogenmu mai tsirkiya ɗaya ta izgar doki. A kafaɗa ake ɗora ta a danne da haɓa. Wallahi in ka shiga shagon kayan kiɗa ka ce biyola, tambayi tsirkiya mafi kauri, in aka ce G to violin ake shirin liƙa maka, tata C ce.

In kuma ana zancen iri da taki da ban ruwa, furen ne. Ɗan ƙarami ne mai kunnuwa 5, akwai shuɗi da rawaya da fari da ruwan makuba, kuma sanyi yake so ba ya shiri da zafi ko kaɗan. Don haka in za ka gwada shi a nan, ka shuka a tukunya farkon Nuwamba da hunturu ya fara kaɗawa, ka ajiye inda rana ke taɓa shi da safe kawai, ƙasa da danshi amma kada ruwa ya kwanta, kana tsinke furannin da suka bushe don sababbi su fito. Zafin Maris na shigowa zai fara langaɓewa, ba laifinka ba ne.

Wajen masu sayar da fulawa na bakin titi kuwa kada ka tsaya jayayyar bayola ko biyola, buɗe hoton a waya ka ce “Malam, irin wannan nake nema.”