Yadda Ake Fahimtar Zanen Tsuntsaye

Mutane da dama sun tambaye ni yadda za su gane yanayi da ma'anar da ke cikin zanen tsuntsaye. Ga matakan da nake bi.

1. Ka tsaya nesa kaɗan, ka kalli zanen kafin ka karanta sunansa.

2. Ka rubuta abin da ya fara ɗarsuwa a zuciyarka.

3. Ka lura da launin da ya rinjaya.

4. Ka matso ka dubi sawun burushi, domin kaushinsa da karkacewarsa sukan nuna tashin hankali, laushinsa kuma natsuwa. Wannan matakin na fi ba muhimmanci.

5. Ka duba inda tsuntsayen suka dosa. A zanen gonar alkama da hankaki da mai zane Van Gogh, ɗan ƙasar Holland, ya yi a 1890, da wuya mai kallo ya tantance ko tahowa suke yi ko tafiya.

Gargaɗi: kada ka ɗora wa tsuntsu ma'ana guda. Mujiya alamar hikima ce a tsohuwar Girka, alhali wasu al'ummomi mugun abu suke ɗaukar ta.

6. Daga ƙarshe ka karanta sunan zanen, ka gwada shi da abin da ka rubuta.