Darasi na Shida: Rage Tsawon Ƙarfen Zane da Gyara Bakinsa

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba a rubutu da kara sai an fiƙe shi. Haka ƙarfen zane yake, wato siririn ƙarfen nan mai kaifin baki da ake turawa da hannu a fitar da suna ko ado a jikin zobe, munduwa ko farantin tagulla. Sabonsa yakan zo da tsawo fiye da kima, domin maƙerinsa bai san girman hannunka ba. Idan ka bar shi haka, zai riƙa zille maka, ya ɓata aikin, wataƙila ma ya soke ka.

Fara da awo. Sa ƙotar a tsakiyar tafin hannunka, ka jera ƙarfen a gefenta, ka miƙe babban yatsa a jikinsa. Bakin ya wuce kan yatsan da santimita 1 zuwa 2 kawai. Kar ka manta da ɗan abin da zai shige cikin ƙota, ka bar masa kamar santimita 2. Yi alama a inda za a yanke.

Ta wutsiya ake ragewa, ba ta baki ba. Wannan ƙarfe yana da tauri ƙwarai, zarto ba ya cin sa yadda ya kamata, don haka karya shi ake yi. A ɗan tsaga wurin alamar da injin washi. Sai ka ɗaure shi a bayis, wato abin matse ƙarfe da ake kafawa a jikin teburin aiki, ka bar guntun da ba ka so a waje, ka rufe da tsumma, ka buga da guduma sau ɗaya. Tsumman nan kar ka raina shi, shi ke tare ɓarɓashin da zai iya faɗa maka a ido. Idan kana da tabarau, sa.

Yanzu ga wurin da masu koyo suka fi yin asara. Za a sirantar da wutsiyar don ta shiga ƙota, a kuma zaftare saman ƙarfen daga kusa da baki, fuskar bakin, wato gangaren da ake wasawa, ta zama ƙarama, saboda ƙaramar fuska ta fi saurin wasuwa kuma ba ta tare maka ganin layi. In ba ka da inji, akwai masu wasa wuƙaƙe a Kasuwar Sabon Gari da Tudun Wada. Tafi da gwangwanin ruwa, ka tsaya a kan mai washin. Ka ce, "Malam, don Allah a bi a hankali, a riƙa tsomawa a ruwa." Idan ƙarfen ya fara yin launin busasshen kara, zafi ya soma yawa. Idan ya yi shuɗi, zafinsa ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Celsius ke nan, taurinsa ya tafi, bakin zai riƙa dakushewa ko da a kan tagulla. Dole a cinye shuɗin nan duka kafin a ci gaba. Ni a ganina gara a ɓata rabin awa da a ƙona ƙarfe cikin minti ɗaya.

Huda ƙotar da ɗan ƙaramin rami. Ɗaure ƙarfen a bayis, wutsiya sama, ka ɗora ƙotar ka bubbuga har ta zauna daram.

Sauran aikin na dutsen washi ne da ɗigon mai. Fuskar bakin tana son karkata ta digiri 45. Ninka kusurwar takarda gida biyu, ka tsayar da ita a kan dutsen, karkatar da ka gani ita ce. Riƙa gogawa gaba da baya ba tare da hannu ya lanƙwasa ba. Daga nan kwantar da ƙarfen, ka ɗan ɗaga ƙotar, ka goga ƙasan bakin sau biyu ko uku. Gwada a kan farcen babban yatsa: in ya kama, ya yi, in ya zame, koma kan dutse.

Aikin gida: auna ƙarfenka da rula kafin yankewa da bayan yankewa, ka rubuta lambobin biyu a littafinka, ka ɗebe ƙarama daga babba. Sannan ka ja layi goma a kan guntun tagulla, hannun da ke riƙe da aikin yana bayan bakin ƙarfen, ka zo da shi aji ranar darasi na gaba.