Darasi: Yadda Ake Juye Ruwan Lagireto a Wanke Shi

Ruwa ne ke kwashe zafin inji. Famfon ruwa yana tura shi ya zagaya cikin inji, ya fito ta tiyon sama ya shiga lagireto, ya bi ta siraran bututu, iska da fanka su huce shi, sannan ya koma ta tiyon ƙasa. Bututun nan matsattsu ne ƙwarai, da ƙyar tsinken ashana zai shige su. Saboda haka tsatsa kaɗan, ko laka, ko ɓawon da ruwan rijiya ke bari, ya isa ya toshe su. Idan ka ga allurar zafi tana hawa fiye da yadda ta saba, ko ruwan ya koma ja kamar na kududdufi, to lagireto yana bukatar wanki.

Ka tanadi baho mai cin lita 10, da mazurari, da filaya, da sukundireba, da tsumma, da safar hannu, da maganin wanke lagireto, da sabon ruwan sanyaya inji wanda makanikai ke kira kulan. Ƙaramar mota takan ci lita 5 zuwa 8, amma littafin motarka ne zai faɗa maka ainihin adadin.

Kafin komai, inji ya huce

Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Murfin yana riƙe da matsi, galibi 0.9 zuwa 1.1 a ma'aunin matsi da ake kira bar, kamar yadda ake rubutawa a kansa, kuma wannan matsin ne ke hana ruwa tafasa ko ya wuce digiri 100. Da ka kwance murfin, ruwan zai tafasa nan take ya yi tsiri zuwa fuska da hannu. Ka kashe mota a wuri mai lebur, ka ja birkin hannu, ka ba ta awa 2. Matsa tiyon sama da hannu: in ya yi sanyi kuma yana lotsawa, an samu. Ko a lokacin ma ɗora tsumma kan murfin, ka murɗa rabi, ka saurari iska ta gama fita, sannan ka cire. Ka nisanci fanka, don ta lantarki tana iya tashi da kanta.

Juyewa

A ƙasan lagireto, ta gefe ɗaya, akwai ɗan makunni na roba. Ka sa baho ƙarƙashinsa ka kwance da hannu, a hankali, domin robar da ta tsufa karyewa take yi. In motar ba ta da shi, sassauta maɗaurin tiyon ƙasa ka zare tiyon. Dubi abin da ya fito da kyau. Tsatsa da ɓarɓashi wanki zai magance su. Amma in ka ga mai yana yawo a saman ruwan, ko wani abu fari-fari mai kauri ya manne a murfi, tsaya nan. Wannan yakan nuna gaskit ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke hana mai da ruwa haɗuwa, ya ƙone, ko mai yana tsiyaya ciki daga wani wuri, kuma wanki ba zai gyara shi ba. Sai bakanike.

Tsohon ruwan guba ne, ga shi da ɗanɗano mai zaƙi da ke jan yara da dabbobi. Juye shi a jarka mai murfi. Kada a zubar a ƙasa ko kusa da rijiya.

Wankin kansa

Abin da ya zuba kusan rabi ne kawai, sauran yana kwance cikin inji da hita, wato na'urar ɗumama cikin mota. Shi ya sa juyewa sau ɗaya ba ta isa. Rufe makunnin, zuba maganin wanki, cika da ruwa mai tsabta, mayar da murfi. Tayar da mota, buɗe hita har ƙarshe don ruwan ya bi ta cikinta, ka bar inji yana aiki minti 10 zuwa 15, ko gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Dole inji ya yi zafi sosai, domin tamostat, wato ɗan bawul da ke tare hanyar ruwa zuwa lagireto, ba ya buɗewa sai wajen digiri 80 zuwa 90, kuma in bai buɗe ba ruwan ba zai zagaya lagireto ba. Kashe, jira ya huce, juye. Sake cikawa da ruwa zalla ka maimaita, sau biyu, sau uku, har ruwan ya fito garau. Kowane zagaye sai an jira, don ruwan sanyi a kan inji mai zafi yana iya tsaga kan inji.

In datti ya yi yawa, cire tiyo biyun duka, ka cusa tiyon famfon gida ta ƙofar ƙasa, ka naɗe bakin da tsumma, ruwa ya fito ta sama. Bi da ruwa ta baya yana ɗaga lakar da ta zauna. Kada a sa garin sabulu, kumfarsa ba ta fita da sauƙi. Soda mai ƙarfi kuwa cinye alminiyom take yi.

Wajen lagireto ma yana toshewa da ƙura, ganye da ƙwari. Fesa ruwa a hankali daga ɓangaren inji zuwa waje. Ruwa mai ƙarfi yana lanƙwashe siraran ƙarafan, iska ta kasa wucewa.

Cikawa

In kulan mai kauri ne, haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin wanda ake zuba wa batir. In an riga an haɗa shi, zuba yadda yake. Kada a gauraya iri biyu daban, suna iya yin guda-guda su toshe bututu. Ruwa zalla kuma shi ne ke kawo tsatsar tun farko, don ba shi da sinadarin da ke kare ƙarfe.

Zuba a hankali. Bar murfi a buɗe, tayar da inji, riƙa matsa tiyon sama kana kallon kumfar iska tana fita, kana ƙarawa duk lokacin da ruwan ya sauka. Iskar da ta maƙale tana hana ruwa zagayawa, mota ta yi zafi alhali lagireto a cike yake. In kumfa ta daina, rufe murfi, cika ƙaramin tankin roba zuwa layin sama, ka jira fanka ta tashi ta tsaya. Leƙa ƙasan mota da bakin kowane tiyo ko akwai ɗiga. Washegari da safe, kafin ka tayar da mota, sake duba ruwan ka ƙara abin da ya ragu.